Mutum-mutumi a ɗakin lacca: agajin ɗalibai ne ko sabuwar ƙofar kwangila?

Injiniya na Rikkos: Assalamu alaikum jama'a. Ƙaramin farin mutum-mutumin nan da kuka gani a bidiyon da na turo da safe, yana ɗaga hannu yara suna kwaikwayonsa, sunansa NAO. Kamfanin Aldebaran na Faransa ya ƙera shi, tsayinsa santimita 58 kacal. Ana gwada shi da yara masu galahanga, domin ba ya gajiya da maimaita abu, ba ya ɗaure fuska, ba ya tsawa. Ra'ayina shi ne, duk jami'ar da ke cewa ƙofarta a buɗe take ga kowa, lokaci ya yi da za ta sa irin waɗannan na'urori a kasafinta. Kuma mu 'yan Jos ya kamata mu fara. A Gindiri aka buɗe makarantar makafi ta farko a ƙasar nan a 1953, ga sashen ilimi na musamman a Jami'ar Jos da ake zuwa daga ko'ina. Wa ya fi mu cancanta?

Baba Malam: Wa alaikumus salam. Injiniya, ana ga yaƙi kana ga ƙura. A Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, aka ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara yadda mai keken guragu zai shiga. Wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ka zaga manyan makarantunmu ka ƙirga min ɗakunan laccar da ke saman bene, babu hanyar hawa sai matattakala. Yaron da abokansa ke ɗauka kamar buhun masara kafin ya kai aji, shi za ka ce wa ga ɗan tsana mai rawa?

Injiniya na Rikkos: Allah ya gafarta Malam, ai gyaran bene bai hana sayen na'ura ba.

Baba Malam: Aljihu ɗaya ne, ɗana. Kuma na san wanda za a fara saya, domin siminti da yashi ba su da daɗin ɗaukar hoto. A 2007 an kai ƙananan kwamfutocin nan kore da fari, na shirin kowane yaro da tasa, wata firamare a Galadima can Abuja. Duniya ta ɗauka, 'yan jarida suka yi ta sintiri. Yau wa ke maganarsu?

Ɗan Dilimi: Baba ya gama magana. Ni dai in ya lalace ku kawo min, in ban gyara ba na sayar da ƙarfen a kilo.

Maman 'Yan Biyu: Kai ƙanena ba ka da dama. Baba, da girmanka, ni ina bayan Injiniya, amma ba don mai rawar ba. Ɗaya daga cikin 'yan biyuna sikila gare ta, tana aji biyu a jami'a. Kun san sanyin garin nan, daga Disamba zuwa Janairu sai mu kwana muna gasa mata ƙafa da ruwan ɗumi. Bara mako uku ta yi a kwance, ta koma ta tarar an yi gwaji biyu. Ƙwaƙwalwarta lafiya lau, ƙafar ce ta ƙi kai ta. Na ga wani mutum-mutumi da ake kira AV1, na wani kamfani a Norway, ɗan ƙarami ne ana ɗora shi kan tebur a aji. Mara lafiya yana gida da wayarsa, yana gani yana ji, yana juya kan abin duk inda yake so. In zai yi tambaya fitila ta kama a kansa. Wannan ai ba wasan yara ba ne.

Ɗan Dilimi: Hajiya, a jingina waya da jaka a kira ta WhatsApp mana. Kuɗin data kawai.

Maman 'Yan Biyu: Mun yi. Ƙawarta ta riƙe wayar minti goma hannunta ya gaji, malamin ya hango ya ce a kashe, shi ba a ɗaukarsa bidiyo. Kuma yarinyar da ke murƙususu ba ta son aji guda su ga fuskarta. Shi wancan ba shi da allon da zai nuna ta, ita ke ganinsu su ba sa ganinta.

Baba Malam: To kin faɗa da bakinki. Malamin ne ya hana. In aka kawo na Norway ɗin ma zai ce a fitar da shi.

Tafinta: Bari in sa baki ta ɓangarenmu. Shekara da shekaru ina fassara wa kurame lacca da hannu. Injiniya, ka sake kallon bidiyonka ka ƙirga yatsun NAO. Uku ne a kowane hannu. Maganar kurame tana cin yatsu biyar, ga gira, ga kumatu, ga yadda ake karkata kafaɗa. Tambaya ma a fuska take. Sannan wace maganar za a ɗura masa? Ta makaranta, wadda ta samo tushe daga ta Amurka ta hannun Andrew Foster da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960, daban take da maganar hannu da kuramen ƙasar Hausa suka gada tsakaninsu. Ni kaina wani lokaci sai na haɗa biyun kafin ɗalibi ya gyaɗa kai. Abin da muke fama da shi, tafinta ɗaya ne zai tsaya awa uku babu mai karɓarsa, a kwas ɗin da bai taɓa karantawa ba.

Injiniya na Rikkos: Na karɓi maganar yatsu, ban lura ba.

Yaya Malama: Tun ɗazu ina sauraronku, sauraro kuwa na gaske, domin wayata ce ke karanta min saƙonninku ɗaya bayan ɗaya. Ni makauniya ce, ku daina kewaye-kewaye, sunan bai taɓa cizona ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to bari in nuna muku inda nawa yake yi.

Ba a Jos na yi digiri ba, kuma ba zan kama sunan makarantar ba. Akwai wani malamin lissafin ƙididdiga da muka yi a aji biyu. Yana tsaye gaban allo, ina jin ƙarar alli, sai ya ce: in ka ɗauki wannan ka raba da wannan, sai ka sami wannan, kun gane? Aji ya amsa, mun gane. Na koma ɗaki na kunna rikoda, awa biyu cur babu komai a ciki sai wannan da wannan. Na same shi a ofis na roƙe shi ya riƙa faɗin sunan abin da yake nunawa. Ya ce in sha Allahu. Lacca ɗaya ya yi ya koma gidan jiya. Wata ƙawata ce ta riƙa ɗaukar allura tana huda min zanen jadawalin a jikin kwali, ina bi da yatsa, da haka na ci kwas ɗin da ƙyar.

Yanzu ina koyarwa, kuma har yau abin da ke ba ni wahala bai kai kuɗin katin waya ba. Akwai manhaja mai suna NVDA, kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostareliya suka fara ta a 2006, tana karanta duk rubutun da ke kwamfuta. Amma in ka ɗauki hoton takarda a karkace ka turo min a matsayin darasi, sai ta rasa abin karantawa, sai na nemi wata dabarar ko na nemi mai ido. Ka turo asalin rubutun da ka buga, shi ke nan. Wannan wane mutum-mutumi yake jira?

Baba Malam: Allah ya yi miki albarka 'yata. Injiniya, sai ka sauko.

Injiniya na Rikkos: Yaya, jikina ya yi sanyi. Amma Baba ban sauko duka ba. Kuskurena da na fara da wanda ake sayowa a kwali. Asalin wannan fanni ba haka yake ba. Seymour Papert na jami'ar MIT ta Amurka, tun wajen ƙarshen shekarun 1960, abin da ya yi shi ne ɗan kunkuru mai taya da yaro ke ba umarni, ka yi gaba taku kaza, ka juya dama. Yaron ne malami, na'urar ce ɗaliba. In ta kauce, yaron ya koma ya binciko inda tunaninsa ya karkace. Yau da allon Arduino, wato ɗan allon lantarki da ake rubuta wa umarni, da ƙananan motoci biyu, da batir, ɗalibi zai haɗa irinsa a kan tebur. Kuma sabon tsarin manhajar da hukumar kula da jami'o'i, NUC, ta fitar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Ga gurbin sauyi nan. A haɗa ɗaliban injiniya da na ilimi na musamman a kwas ɗaya, su ƙera abin da zai yi wa 'yan uwansu amfani, kamar sanda mai gane cikas ta yi ƙara.

Yaya Malama: Ƙanena, don Allah ban da sandar nan. Sau uku ɗalibai 'yan ajin ƙarshe suna kawo min ita in gwada, duk bayan sun gama, ana saura kwana biyu su kare aikinsu. Ta ƙarshen na fita da ita bakin titi, ta ga keke ta yi ƙara, ta ga akuya ta yi ƙara, ta ga mai rake ta yi ƙara, har na daina jin motar da ke tahowa, alhali da kunne nake tsallaka titi. Da muka iso bakin kwalbati a buɗe kuwa ta yi tsit, domin gaba take kallo ba ƙasa ba. Farar sandata ta da ce ta cece ni. Yaran suna da basira, tambaya ce ba su yi ba.

Amma maganar kunkurun nan ta tsaya min a rai. Ka ce abu ne da ake riƙewa a hannu, a ba shi umarni ya motsa? To da a ce lokacin da ake min wannan da wannan an ajiye min shi a tebur, na rubuta masa ya yi gaba ya juya digiri 90 sau huɗu, na ɗora yatsa a bayansa ina binsa har ya dawo inda ya tashi, ai na ga murabba'i da hannuna. In haka kake nufi, a sa ni cikin masu ba shi umarni. Wadda ake kira ranar biki ta riƙe kaya a ɗauki hoto, na gaji da zama ita.

Injiniya na Rikkos: Wallahi haka nake nufi, ke kika fi ni iya faɗa.

Baba Malam: Kun fara daɗin baki, bari in zuba muku ruwa. Wa zai koyar? A 2022 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba jami'o'in gwamnati a rufe suke, wata takwas. Masu hannu a wannan fanni da yawa sun kama gabansu. Da wace wuta? Tun Afrilun 2024 da aka kai kuɗin wutar layin Band A, na masu samun wuta awa mafi yawa, naira 225 kowane ma'auni, jami'o'i ke kuka da takardar kuɗin lantarki. Kayan gyara fa? Mutum-mutumin nan Pepper, ƙanen NAO ɗin naka da aka yi ta yayatawa a 2014, an dakatar da ƙera shi. Kamfanin Lego ma sun rufe Mindstorms, kayansu na haɗa mutum-mutumi, a ƙarshen 2022. Masu abin sun ajiye, mu za mu ɗauka? Ga cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi ta hukumar bunƙasa fasahar sadarwa, NITDA, a Wuye can Abuja tun 2020, su fara nuna mana hanya tukuna.

Injiniya na Rikkos: Baba, hujjarka ta Pepper ai tawa ce. Na kwali in kamfani ya rufe ya zama gunki. Na Arduino zanensa a buɗe yake, kowa na iya bugawa, kuma batirin fitila ma ya ishe shi.

Ɗan Dilimi: Nan kam gaskiyar Injiniya. Motar da ke cikin tsohuwar firinta, da batirin kwamfutar da ta mutu, duk ina da su a kwali ƙarƙashin benci. Dalma da ƙarfen liƙi kuwa sana'ata ce.

Maman 'Yan Biyu: To ni 'yata fa? Kun koma kan kunkuru kun bar ni.

Tafinta: Hajiya, taki ba ta ƙera ba ce, ta doka ce. In majalisar malaman jami'a ta rubuta cewa ɗalibi mai takardar asibiti yana da haƙƙin bin lacca daga gida, ko da waya ce a kan ƙafar kyamara, babu malamin da zai ce a kashe.

Maman 'Yan Biyu: Kafin su zauna su rubuta ta gama ko ta bari. Ni dai in na sami mai juya kan nan zan saya, ku yi ta muhawararku.

Baba Malam: Ni ma ban canja ba. Ranar da na ga an fasa matattakala an zuba gangara, ku kira ni in zo in ga kunkuru.

Injiniya na Rikkos: Za mu kira ka kafin nan, Baba. Yaya Malama, Asabar bayan la'asar a shagon Ɗan Dilimi, zan zo da allon da tayoyin, ke ki zo da kwamfutarki. Ƙanena turo mata kwatance.

Ɗan Dilimi: Na tura.

Yaya Malama: Hoto ka turo.

Ɗan Dilimi: Innalillahi. Yi haƙuri Yaya, hoton allon shagon ne. In mai Keke Napep ya sauke ki bakin layin masu batir, shago na huɗu a hannun dama. Akwai kwata a buɗe kafin na uku, ki kira ni tun kina bakin layin in fito.