Bakin yayata ya karkace, ido yayi jajur, wai sarcoidosis ne

Yar Agege:
Salam yan uwa dan Allah ina neman bayani. Yayata ce tun kafin azumi take fama da busasshen tari, anyi gwajin tibi babu komai, sai ido yayi jajur muka dauka afolo ne muka siyo maganin digawa a kemis amma shiru. Satin da ya wuce ta tashi bakinta ya karkace, idon hagu baya rufuwa, in ta sha ruwa sai ya zubo. Hajiyarmu tace aljani ne ya mare ta a kaita gida Kano. Likita kuma yace sarcoidosis ne ya dora ta kan maganin rage kumburi prednisolone. To ciwon huhu me ya hada shi da ido da baki? kuma ana dauka ne? yaranta uku daki daya suke kwana.

Nas Idi-Araba:
Wslm yar uwa, Allah ya bata lafiya. Ba a dauka, ki kwantar da hankalinki kan yaran. Garkuwar jiki ce ke tara wasu kananan kulli a sassan jiki, mafi yawa a huhu, kusan mutum 9 cikin 10, amma suna zuwa ido da fata da jijiya. In suka taba jijiyar da ke motsa fuska shine bakin ke karkacewa, kuma yawanci yana dawowa daidai da magani. Ni idon ne yafi damuna, kumburi ne a can ciki ba afolo ba, in aka barshi yana kawo yanar ido ko hawan jinin ido har gani ya tafi. Ku kaita wajen likitan ido ko a LUTH, asibitin koyarwa na jami'ar Legas ne a auna karfin idon, kada ku jira sai yayi ciwo. Idon da baya rufuwa a tambayi likita abin sa masa da dare kar ya bushe. In ta fara ciwon kai mai tsanani ko gani bibbiyu ko farfadiya, asibiti a take.

Dan Mile 12:
Matata tayi shi. Da ta ga fuska ta kumbura sai ta yar da prednisolone din rana daya, wallahi mun ga tashin hankali, shi a hankali likita ke rage shi. Ayi addu'a da rukiyya ba laifi amma kada a ajiye maganin.

Yar Agege:
Nagode sosai Allah ya saka. Na karanta wa Hajiya, tace a fara ganin likitan idon ranar Litinin tukunna ayi maganar Kano.