Laminet ɗina ya fara kumbura, ina mafita?

Maman Ikram: Assalamu alaikum. Don Allah masu laminet, daɓen nan na katako, a ɗaki, nawa ya fara tashi a bakin ƙofar bayi, gefe-gefen sun kumbura. Ga Abbansu yana so a sa wa falo kafin biki. Yaya za a yi kada a maimaita?

Na Hotoro: Wa alaikumus salam. Wanda ya kumbura dai sai canji, Hajiya, ba ya komawa.

Baban Sadik: Hajiya, ni na ga abin nan da idona, har yau raina yana ɓaci in na tuna. Tsakiyar damina aka shimfiɗa mana, a watan Agusta, daɓen simintin ma bai gama bushewa ba. Mai aikin ya rantse babu komai. Bai sa leda a ƙasa ba, kuma ya matse katakon jikin bango tsam. Kafin a shiga kaka tsakiyar falo ya yi tozo, in ka taka sai ya lotsa yana ƙara. Da muka ɗaga, ƙasan duk ya yi baƙi, ga warin ruma. Ko kofi ɗaya ba mu zubar a wurin ba, daga siminti danshin ya taso. Na kira shi ya fi a ƙirga, ƙarshe ya daina ɗauka.

Wanda ya zo gyara shi ya fahimtar da ni. Cikin abin garin katako ne da aka matse, fuskar ce kawai ruwa ba ya ratsawa. Da zarar ya samu hanya ta mahaɗa ko ta ƙasa, shi ke nan. Ya shimfiɗa leda mai kauri, ya ɗora bakin wata kan wata ya liƙe, sannan soso, ya bar tazarar milimita 8 zuwa 10 a jikin kowane bango, sket, wato katakon gindin bango, ya rufe. Kwalayen ma sai da suka yi awa 48 kwance a ɗakin kafin ya buɗe. Ki tsaya a kansu ranar aikin, wallahi in kin ba da baya ba za su yi ba.

Anti Amarya: Allah ya mayar da alheri, Baban Sadik.

Injiniya: Amin. Tazarar nan ba wasa ba ce a Kano. Da damina katako yana buɗewa, da hunturu ya tsuke. Kuma AC4 ko AC5 da kuke gani a kwali ƙarfin jure gogewa ne, ba ruwansa da ruwa.

Na Hotoro: Ni fa duk wahalar nan ta mece ce? A sa tayil a huta.

Anti Amarya: Malam, ka taɓa taka tayil da asubar Janairu kuwa? Iyayenmu masu ciwon ƙafa fa?

Na Hotoro: Darduma tana nan, Anti 😄

Maman Ikram: Darduma ce ma ta ɓoye min nawa. Yara su fito daga alwala su ɗiga a kanta, tana jiƙe ban sani ba.

Uwar Biyu: Masu aikin gida su ma a ja musu kunne. Mofa a matse ta sosai, ba a kwara ruwa da omo kamar tsakar gida. Sai firij, in an ɗauke wuta ƙanƙara ta narke ta bi ƙasa. Ni faranti na sa a ƙarƙashin nawa.

Injiniya: Bakin bayi da kicin ki sa SPC, Hajiya. Garin dutse ne da roba, ba ya kumbura. Ko a sa layin tayil a bakin ƙofar, a toshe mahaɗar da silikon.

Maman Ikram: A ina zan samu? Ƙofar Ruwa?

Baban Sadik: Ki fara zagaya France Road tukuna, ki gwada farashi.

Na Hotoro: Wai bikin yaushe ne? Ba mu ga kati ba.

Uwar Biyu: Ai kuwa. Maman Ikram, ankon ya fito?