"Magana zarar bunu ce": ko ta shafi masanin da ya yi magana a bainar jama'a?

Tsohon Hedimasta:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Jiya da daddare mun yi gardama da wani abokina a kan karin maganar nan da ke cewa magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Abin da ya jawo gardamar shi ne labarin Michael Fish, mai bayanin yanayi a talabijin na BBC, wanda a ranar 15 ga Oktoba 1987 ya gaya wa masu kallo cewa wata mata ta bugo waya tana tambaya ko gaskiya ne mahaukaciyar guguwa na tafe, sannan ya ce ta kwantar da hankalinta, babu wannan maganar. A daren nan iska ta afka wa kudancin Ingila, ta kashe mutum 18, ta tumɓuke itatuwa kimanin miliyan 15. Bawan Allahn nan ya yi shekara 30 yana wannan aiki, kuma a cikin bayanin nasa na ranar ya ambaci cewa za a yi iska mai ƙarfi, amma har yau in an kira sunansa wannan kalma guda ake tunawa. Na ce ai wannan ita ce zarar bunu. Abokina ya ce na ɗora wa karin maganar kayan da ba nata ba, domin ba a yi ta don masu ilimi ba. Ina so in ji ta bakinku.

Hajiya 'Yar Katsina:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni dai ina bayan abokinka. Yadda na taso na ji iyayenmu suna amfani da ita, ana faɗinta ne ga wanda zuciya ta ɗeba: mijin da ke shirin furta saki, ko amaryar da ta buɗe baki za ta gaya wa uwar mijinta baƙar magana, ko wanda zai tona asirin da aka ba shi amana. A duk waɗannan ciwon yana cikin furucin kansa, ko da an ba da haƙuri daga baya kunne ya riga ya ji, zuciya kuma ta ajiye. Shi kuwa masanin da ya yi hasashe ya kuskure, yana iya dawowa washegari ya ce ya sake duba lissafinsa ya ga inda ya ɓata, kuma ilimi ma da irin wannan gyara yake ci gaba. Maganar da ake iya gyarawa ban ga yadda za a kira ta bunu ba.

Manomi daga Maraɗi:
Hajiya, a gafarce ni, amma ina ganin sai mun koma kan jinka kafin mu yanke hukunci. Bunu shi ne tsohuwar ciyawar baibaya wadda ta sha rana da ruwa shekara da shekaru har ta yi baƙi. In ka zare tsinke ɗaya ba za ka iya mayar da shi ba, karyewa zai yi a hannunka, wannan kowa ya sani. Abin da wanda bai taɓa kwana a ɗakin jinka ba yake mantawa shi ne, wurin da ka zare ɗin yana sassautawa, kuma ta nan ɗakin zai fara yoyo.

Wata shekara wani mai ilimin noma ya yi magana a gidan rediyo, ya ce damina ta kankama, kowa ya fita ya shuka, bai ce wataƙila ba, bai ce a rage wani abu ba. Muka kwashe irin geron da muka ɓoye muka zuba a ƙasa, sai ruwa ya ɗauke kusan mako uku, shuka ta ƙone. Gaskiya ne ya dawo ya yi bayani mai kyau a kan dalilin da ya sa abin ya saɓa, to amma bayani ba ya tono iri daga ƙasa. Abin da ya fi damuna ma shi ne, da shekara ta zagayo ya yi gargaɗi a kan tsutsar da ke cin zangarniya, kuma a wannan karon gaskiya ya faɗa, a ƙauyenmu babu wanda ya saurare shi. Wannan shi ne yoyon da nake nufi.

Ɗalibin Lissafi:
Baba Manomi ya taɓo wurin, kuma akwai misalin da har kotu sai da ta shiga. A farkon shekarar 2009 garin L'Aquila na ƙasar Italiya ya yi watanni yana fama da ƙananan motsin ƙasa, mutane suka tsorata, domin al'adarsu tun kakanni ita ce in ƙasa ta motsa a fita a kwana a waje. Ranar 31 ga Maris aka tara kwamitin masana a garin. Mataimakin shugaban hukumar kare jama'a daga bala'i, Bernardo De Bernardinis, wanda injiniyan harkar ruwa ne ba masanin girgizar ƙasa ba, ya tsaya gaban 'yan jarida ya ce babu haɗari, wai ƙananan motsin suna rage ƙarfin da ya taru a ƙarƙashin ƙasa ne. Ranar 6 ga Afrilu, wajen ƙarfe uku da rabi na dare, babbar girgiza ta zo ta kashe mutum fiye da 300, kuma dangin wasu mamatan sun shaida wa kotu cewa wannan kalamin ne ya sa 'yan'uwansu suka kwana a cikin gida.

A 2012 kotu ta yanke wa mutum bakwai ɗaurin shekara shida-shida. A 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke masana shida, ta bar De Bernardinis da shekara biyu. Abin lura, Hajiya, shi ne ba a tuhume su da kasa sanin ranar girgiza ba, domin babu mai iya sanin wannan. Abin da aka kama shi ne tabbacin da aka ba mutane alhali babu tabbas. Ya iya janye maganarsa ranar 7 ga wata, amma wanda gini ya danne ranar 6 ba zai ji gyaran ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Ban musa ko ɗaya daga cikin misalan nan ba, kuma mu a Kano mun ga namu. A 2003 an dakatar da rigakafin shan inna bayan wasu masu faɗa a ji, har da likitoci a cikinsu, sun tabbatar wa jama'a cewa an gurɓata maganin. An dawo da shi a Yulin 2004, amma kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, mu kuma muka yi shekaru muna bin gida-gida ana rufe mana ƙofa.

Duk da haka ina tsoron yadda ake jefa wa masana wannan karin magana, domin sau da yawa ma'anar da ake nufi da ita ita ce ka yi shiru. To in likita ya yi shiru, wa zai yi magana? Mai maganin da ke ɗaure lasifika a kan mota ranar kasuwa, wanda ke warkar da cuta arba'in da kwalba ɗaya, shi ba ya cewa wataƙila. Na sha ganin likita ya gaya wa majiyyaci gaskiya, ya ce sai an yi gwaji kafin a san abin da ke damunsa, mutumin ya fita yana cewa wannan bai san aikinsa ba. Mu masu sauraro mu ne muke sayen tabbaci da tsada, muke raina mai cewa bari in duba, sannan in abin ya ɓaci mu ce magana zarar bunu ce. Malam, a rabon laifin nan a sa mana kasonmu.

Tsohon Hedimasta:
'Yata, kin yi gaskiya, sai dai ban yarda cewa karin maganar tana umurni da shiru ba. Mai gyaran jinka ai yana zarar bunu, sai dai ya san wanda zai zare da abin da zai sa a madadinsa. Kuma raina mai cewa ban sani ba baƙon abu ne a tarbiyyar karatunmu. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambaya 48, ya amsa 32 daga cikinsu da cewa bai sani ba, an kuma ruwaito cewa wani ya yi tafiyar watanni da tambayar mutanen garinsu, Malik ya ce masa ya koma ya gaya musu Malik bai sani ba. Malaman zaure da suka karantar da mu ba sa rufe amsa sai da "Allahu a'alamu", kuma ba wanda ya ce sun rage daraja. Abin da ya sauya, a ganina, shi ne makirufo: an ba ka minti biyu, mai tambaya yana so ka ce e ko a'a, kai kuma kana jin kunyar a kira ka Farfesa sannan ka ce sai ka duba.

Ɗalibin Lissafi:
Malam, ni da za a bi ta tawa, da wata karin maganar za a ɗauko, wato gwano ba ya jin warin jikinsa, domin zarar bunu tana bayanin abin da ke biyo bayan magana ne, ba ta faɗi abin da ke sa gwani ya yi ta ba. A 1999 Roy Meadow, babban likitan yara a Ingila, ya gaya wa kotu cewa yiwuwar jarirai biyu su mutu haka kawai a gida irin na Sally Clark, matar da ake tuhuma a lokacin da kashe jariranta biyu, ɗaya ce cikin miliyan 73. An sami adadin ne ta ɗaukar yiwuwar mutuwar jariri ɗaya, wato ɗaya cikin 8,543, aka ninka 8,543 sau 8,543, kamar mutuwar 'yan'uwa biyu ba ta da alaƙa da juna ta gado ko ta muhalli, kuskuren da ƙungiyar masana ƙididdiga ta ƙasar ta fito fili ta nuna a 2001. An ɗaure matar, sai a Janairun 2003 aka soke hukuncin bayan an gano sakamakon gwajin da ba a nuna wa kotu ba, ta rasu a 2007. Mutumin gwani ne a likitanci, ya tsallaka zuwa gonar lissafi bai ji cewa ya tsallaka ba.

Hajiya 'Yar Katsina:
To, na sauko a kan batun iri da na girgizar ƙasa, tunda mai sauraro ya riga ya yi aiki da abin da ya ji kafin gyara ya iso. Amma a kan mai bayanin yanayin nan har yanzu ban sauko ba, Malam, domin kai da kanka ka ce ya ambaci iska mai ƙarfi, mutane ne suka riƙe rabin maganarsa suka yar da rabi. Gwanon kuwa, ɗana, ka yi hankali da inda za ka faɗe shi, don a Katsina in ka gaya wa babba haka a gaban mutane zagi ne, ba nasiha ba. Baba Manomi, ban ji ƙarshen labarinka ba: da tsutsar ta zo, me kuka girbe a shekarar?