Yadda za ka ci masu garkuwa a War Robots

Ga abin da yaran majalisarmu ta Jekadafari a nan Gombe suka tsayar bayan doguwar gardama kan wasan War Robots, wasan yaƙin robot na waya, musamman kan robot masu garkuwa da ke matso ka su gama da kai.

Kowa ya yarda cewa ka fara duba irin garkuwar. In shuɗiyar nan ce mai kama da kumfa, irin ta Ancile (garkuwar da ake ɗora wa robot) ko ta robot ɗin Carnage, kar ka ɓata roka a kanta don shanyewa take, ka sa bindigar Taran ko Magnum, wutarsu ratsawa take kai tsaye ta shiga jiki. In kuma ta ƙarfe ce irin ta robot ɗin Lancelot da Rhino to labari ya juya, ita garkuwar tana tare wutar Taran, amma fashewar rokar Orkan tana taɓa jiki duk da garkuwar, harsashin bindigar Punisher kuma yana cinye ta da sauri.

Inda aka fi daɗewa shi ne tazara. Orkan mita 300 take kaiwa, Taran 350, Punisher 500, saboda haka wasu suka ce ka tsaya a wajen 400 kana ja da baya kana harbi da Punisher, ni dai ina ganin wannan sai a fili mai faɗi, a lungu kafin ka ankara ya iso ka wallahi.

Wani ya ce a zagaya ta baya kawai, garkuwar Lancelot a gaba take, kuma nauyi gare shi. Ku biyu ya fi, ɗaya ya ja hankalinsa ɗaya ya bi ta gefe. Kuma in netwok na wasa da kai kar ma ka tunkare shi.