Manhajar bashi na tozarta mutane a waya: ina mafita a doka?

Ɗan Ƙofar Mata:
Assalamu alaikum. Masana, a taimaka. Matasa da ƙananan 'yan kasuwa a Kwari da Sabon Gari suna cin bashin dubu goma ko ashirin a manhajar waya. Wa'adi na cika sai a bi lambobin da ke wayarsu, har na surukai, ana tura saƙo cewa ɓarayi ne. Doka ta yarda da haka? Wanda bai ci nanin ba kuma ake damunsa da kira fa?

Barista:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba ta yarda ba. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum, sannan dokar kare bayanai ta 2023 ta hana amfani da bayanan wani ba tare da hujjar da doka ta sani ba. Wanda ya danna amincewa lokacin sauke manhaja, a kan kansa ya amince. Ba shi da hurumin amincewa a madadin kawunsa. Don haka shi ma kawun yana da haƙƙin ƙorafi.

Hukumomi biyu ake kai wa: NDPC mai kula da bayanai, da FCCPC mai kare masu saye, wadda tun 2022 ta wajabta wa masu ba da bashi ta intanet yin rajista. A nemo sunan kamfanin, ba na manhajar kaɗai ba, domin kamfani ɗaya kan buɗe manhajoji da yawa.

Inda ake faɗuwa shi ne shaida. Kunya kan sa mutum ya goge komai. Kada a goge. A ɗauki hoton saƙon daga wayar wanda aka tura wa, lambar da kwanan wata da lokaci su fito, a kuma adana wayar, saboda sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana neman takardar da ke bayyana na'urar da saƙon ya fito.

Mai gyaran waya, Farm Centre:
Ƙari kan bayanin Barista. Tun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobi da hotuna, shi ya sa miyagun suka koma tura mahaɗin sauke manhaja (link) ta WhatsApp. Manhajar da aka sauke ta nan babu mai tace ta. A shiga saitin waya a janye mata izinin lambobi, saƙonni da hotuna. Amma abin da ta riga ta kwashe yana hannunsu, cire ta ba zai dawo da shi ba. Kafin a cire, a ɗauki hoton shafin da ke nuna kuɗin da aka karɓa, ruwan da aka ɗora da ranar biya.

Hajiya 'Yar Gwale:
Barista, suna kuma barazana da 'yan sanda. Iyaye mata wannan ya fi tayar wa hankali.

Barista:
Hajiya, ki kwantar musu da hankali. Sashe na 32 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama mutum kan saɓa yarjejeniya kawai, na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wani. Sai dai bashin yana nan a wuyan mai shi, kuma ana iya shigar da sunansa kundin masu taurin bashi, banki ya hana shi rance gobe. Ya biya ta asusun kamfanin, ba na wani ma'aikaci ba, ya ajiye rasit. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Legal Aid Council, hukumar da ke taimaka wa marasa hali da lauya, a Kano.