Neman kalma: me za mu kira "multicultural education"?

Malamar Kakuri: Salamu alaikum. Jibi Alhamis zan gabatar da shiri a rediyo kan makarantun haɗin kai na tarayya, irin na Sakkwato da Warri da aka buɗe a 1966, kuma kalmar nan ta tsaya mini a wuya. Ba tara yara a aji ɗaya kawai ake nufi ba. A ajina akwai Bajju, Ibo, Fulani da Gbagyi. Wata yarinya ta shekara ana kiranta Ladi saboda malaminta na baya ya kasa faɗin sunanta na gida. Ranar da na kira ta da shi sai ta sunkuyar da kai tana murmushi. Wannan nake so kalmar ta ɗauka.

Baban Sadiq: Ilimin al'adu mabambanta.

Ɗan Damagaram: Wannan kamar darasi ne a kan al'adu. Ita Malama yadda ake koyarwa take nufi. Koyarwa mai mutunta bambancin al'adu.

Alhaji Mai Ƙamus: Duk kun yi nisa. Ilimi Larabci, al'ada Larabci. Ku ce karatun tsintsiya, tunda maɗaurinta ɗaya. Shekara uku ina faɗa.

Baban Sadiq: Ranka ya daɗe, karatu ma ai daga Larabci ya zo, har makaranta. Sannan tsintsiya alamar APC ce, mai sauraro zai ɗauka kamfe ake yi.

Alhaji Mai Ƙamus: Kafin jam'iyya akwai karin magana! Matsalarku kunyar Hausa kuke ji, sai abin da ya fito daga jami'a kuke girmamawa.

Ɗan Damagaram: Alhaji, ba mai jin kunya. A Damagaram aka fara gwajin koyarwa da Hausa a firamare tun 1973. Damuwata daban ce: sillayen tsintsiya duk iri ɗaya ne, yaran Malama kuwa kowa da harshensa.

Malamar Kakuri: Nan ne gizo ke saƙa. Don Allah mu dawo, lokaci na tafiya.

Baban Sadiq: Ɗauki ta Ɗan Damagaram. Ta yi tsawo, amma ba ta yi ƙarya ba.

Alhaji Mai Ƙamus: Jimla ce wannan, ba kalma ba. Ki yi shirinki da ita, Malama, amma ni ban sa hannu ba.

Malamar Kakuri: Na gode, Baba. Da ita zan shiga. Wanda ya samo gajeriya kafin daren Laraba ya ajiye mini a nan.