Me David Patterson ya yi da har ake danganta RISC da shi?

Ɗalibin kwamfuta: Assalamu alaikum malamai. A darasin tsarin ginin kwamfuta kullum sai an ambaci David Patterson na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Shi ya ƙirƙiro RISC ne, wato tsarin furosesa mai taƙaitattun umarni (Reduced Instruction Set Computer)? Kuma ta yaya rage yawan umarni zai ƙara wa furosesa sauri?

Injiniyan lantarki: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. John Cocke na IBM ya riga shi da injin 801 tun shekarun 1970, amma sunan RISC daga Berkeley ya fito. Patterson ya kammala digirin digirgir a UCLA a 1976, ya kama koyarwa a Berkeley a shekarar. A 1979 ya je kamfanin DEC ya yi aiki kan maikurokod ɗin kwamfutarsu VAX, wato ƙananan matakan da ke cikin furosesa masu fassara kowane babban umarni. VAX na da umarni wajen 300, tsawonsu kuma ba ɗaya ba, wani bayit 1, wani ya haura 50. Furosesa ba za ta san inda umarni na gaba ya fara ba sai ta gama warware na yanzu, nan lokaci ke tafiya. A takardar da ya rubuta da David Ditzel a 1980 sun nuna cewa umarnin INDEX na VAX, in aka maye gurbinsa da 'yan ƙananan umarni, aikin ya fi saurin ƙarewa.

Furosesar RISC-I da ɗalibansa suka zana yana da umarni 31, kowanne bit 32 cif, da transisto 44,420. Umarnin ɗauko da na ajiye kaɗai ke taɓa mimori, duk lissafi a cikin rajista ake yinsa, wato ƙananan ma'ajiya masu sauri da ke cikin furosesa. Da yake tsawon ɗaya ne, ana ɗauko umarni na gaba tun ana kan aiwatar da na yanzu.

Mai rubuta kwamfaila: Malam ya yi bayani, sai dai a ƙara da dabarun da ba su ɗore ba. Na farko tagar rajista. RISC-II da ta biyo bayan RISC-I na da rajista 138: 10 na kowa da kowa, sai taga 8 masu 16-16. Shiri na ganin 32 ne kawai a lokaci guda, kuma in wani sashen shiri ya kira wani, 6 na fitar mai kira su ne 6 na shigar wanda aka kira, don haka ba a kwashe komai zuwa mimori. Matsalar ita ce in kira ya yi zurfi tagogin suka ƙare, dole a tsaya a juye tsohuwar taga a mimori. Sauya shiri da wani shiri ma ya zama jidali, rajistar ta yi yawa. SPARC na kamfanin Sun ya gaji wannan, MIPS na John Hennessy a Stanford bai ɗauka ba.

Na biyu gurbin jinkiri: umarnin da ke bayan tsalle, wato umarnin da ke kai shiri wani wuri dabam, ana aiwatar da shi ko an yi tsallen ko ba a yi ba. Kwamfaila, mai fassara shiri zuwa umarnin furosesa, ce za ta nemo abin cusawa a gurbin, in ta rasa ta sa umarnin da ba ya yin komai. Da matakan da umarni ke bi a cikin furosesa suka ƙaru, gurbi ɗaya ya daina isa, amma tsofaffin shirye-shirye sun riga sun dogara da shi. RISC-V da aka fara a Berkeley a 2010, da hannun Patterson a ciki, ya watsar da duka biyun.

Injiniyan lantarki: Haka ne. Kuma ɗan'uwa, kada ka auna sauri da yawan umarni kaɗai. Lokacin shiri shi ne yawan umarni sau zagayen agogo na kowane umarni sau tsawon zagaye ɗaya. RISC na ƙara na farko, ya rage na biyu sosai. A 1988 Patterson da Garth Gibson da Randy Katz suka fitar da takardar RAID, dabarar haɗa fayafayan ajiya da yawa su yi aiki kamar ɗaya, ya kuma raba lambar yabo ta Turing ta 2017 da Hennessy, bayan ya yi ritaya daga Berkeley a 2016 ya koma Google.